Allurar da Na Hana a Yi wa Hassi

Na san abin da ake faɗa a kaina a Gurbin Bore, na kuma san ya shiga kunnenku tun kuna ƙanana, ku 'ya'yan Hassi. Ana cewa Tumba ta Zurmi ce ta kurmantar da ɗiyarta da taurin kai, wai magani ya zo har ƙofar ɗaki ta tsaya ta tare. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don ba halina ba ne in bi gida-gida ina wanke kaina. Amma yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara ja baya, ba na so in kwanta dama in bar ku da labarin a bakin wasu. Shi ya sa da muka iso wannan shekara a tarihin nan na ce wa Zainabu, babbarku, wadda nake faɗa tana rubutawa, ta rage hanzari. Ni ban yi boko ba, ko allo ban daɗe a kansa ba, iyakata abin salla. Na yarda ta gyara tawa Hausar ta koma irin ta takarda, amma maganar mutane ta bar ta yadda ta fito daga bakinsu.

Shekarar an samu damina mai albarka. Gero ya yi, dawa ta yi, har rumbuna suka kasa ɗauka, aka riƙa jibge hatsi a ɗakunan kwana. Ɓera kuwa ya samu gari. Kana zaune da rana tsaka zai ratsa ta kan tabarma bai ko dube ka ba. Da rani ya fara shigowa sai kakarku ta wajen uba, Inno, ta kwanta da masassara a Gurbin Bore. Ubanku Garba yana Jangeru wajen sayen dabbobi, ƙannensa maza ne, jinya ta faɗo kan Hassi ita kaɗai. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke kwashe amai. Aka sha saiwa, aka sha ƙwayar kemis, abu ya ƙi. Sai da jini ya fara fitowa ta hanci da dasashi aka ɗauke ta zuwa asibiti a Kaura. Suka ɗebi jininta suka ce za su aika a duba, ba ta kai yamma ba ta cika. Aka dawo da ita gida aka yi mata sutura kamar kowa, don babu wanda ya san mene ne.

Na isa gidan na tarar mata sun gama wanka suna naɗe ta. Na ga gawa da yawa a rayuwata, na san yadda likkafani yake zama fari har a kai mutum makwancinsa. Wannan kuwa wani ja ne ya ɓullo daidai fuska, ƙarami, yana faɗaɗa a hankali. Suka ƙara auduga, ya sake ɓullowa. Mata suna ta salati, ni kuwa idona ya koma kan hannun Hassi. Babban yatsanta na dama a ɗaure yake da tsumma, wuƙa ta yanke ta wajen yankan kuɓewa. Tsumman ya rine ya bushe. Na ja ta bayan rumbu.

"Jinin ga naki na, ko nata?"

Ta dubi yatsan kamar yanzu ta fara ganinsa.

"Inna, ban sani ba. Duk sun haɗu."

Ban jira an share makoki ba. Na aiki ɗana Sani, yayanta, ya gaya wa Garba matarsa ta jigata, zan tafi da ita da yara Zurmi ta huta. Aka yi ta gunaguni, wai matar ɗa ba ta barin gidan gaisuwa. Na ji, ban juya ba. Da muka isa na buɗe mata turakar marigayi kakanku, wadda babu mai shiga, na ware mata kwano da buta da moɗa. Ku kuma na kai ku sashen matar Sani, na ce duk wanda ya doshi wannan ƙofa sai na karya masa ƙafa. Zainabu ta ce har yau tana tuna kukan da ta yi. Ni ma ina tunawa.

Ba a jima ba wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Mace ce ta shigo, gajera, kakkaura, da safar roba a hannu da ƙyalle a baki. Sunanta Malama Rifkatu, nas ce a Kaura, mutuniyar kudancin Kaduna, Hausarta tsaf sai dai ba irin tamu ba. Ta ce sakamakon jinin Inno ya fito, zazzaɓin Lassa ne. Ɓera ke kawo shi idan ya yi fitsari a abinci, amma idan ya kama mutum to jininsa da amansa ma suna ba da shi. Sun je Gurbin Bore aka ce wadda ta yi jinya tana Zurmi. Ta dubi turaka, ta dubi kwanon da na ware, ta ce wa ya koya mini. Na ce ba wannan ya kawo ta ba.

"Ki yi mata allura," na ce. "Ku da kunka bi mu gida-gida da ɗigon shan inna muna ɓoye ɗiya ƙarƙashin gado, to yau ga mu muna roƙo. Hiddo ta."

"Mama, wannan ciwon ba shi da rigakafi tukuna."

"Ba shi da, ko ba ku kawo muna ba?"

"Ba shi da. Abin da muke da shi magani ne idan ciwon ya tashi, kuma ya fi aiki idan aka fara da wuri. Ba kowa da ya taɓa mara lafiya yake kamuwa ba. Amma ki ji wannan, Mama, ko kin manta komai kada ki manta shi. Ranar da jikinta ya fara zafi, a ranar za ki kawo ta. Ba washegari ba."

Ta yanka mana wa'adin makonni, ta ce idan ya wuce lafiya to mun tsira. Ta bar ɗan tsinken awon zafi. Ni ban san lamba ba, amma Hassi ta yi firamare a nan Zurmi, tana karatu sarai, don haka ita ke sa shi a hammata safe da yamma, ta leƙo ta taga ta gaya mini. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke fuskantar ƙofar, na mai da wurin gidana. Ban san akwai tsoro irin wannan ba. Na san tsoron haihuwa, na san na fari, na san na ɓarayin shanu, duk waɗannan kana ganin abin da ke zuwa. Wannan kuwa ɗiyarka ce a gabanka lafiya lau, tana tsefe kai, tana tambayar ko an yi wa yara wanka, kai kuma kana kallonta kana tunanin ko abin yana ciki yana kwance. Idan ta yi tari sai zuciyata ta tsinke. Idan ta yi shiru sai in kira sunanta don kawai in ji ta amsa. Har ta fara yi mini tsiya, tana cewa, "Inna, ina nan, ban mutu ba tukuna, ki bari in yi barcin rana."

Ana cikin haka Garba ya zo. Tun da ya auri Hassi bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya durƙusa a zaure, ni ina daga ciki bayan katanga, Sani yana tsakani kamar yadda aka saba. Amma ran nan ko jiran Sani ya maimaita ba ya yi. Ya ce ya ji a rediyo da kunnensa, an ce masana sun gwada wata allurar rigakafi ta irin wannan ciwo mai zubar da jini, wadda ake yi bayan mutum ya riga ya taɓa ciwon, kuma an gwada ta a kan dabbobi ta yi aiki. Ya ce da ya ji haka bai tsaya ba sai Shinkafi wurin abokinsa Mamman, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa, wanda Fulani ke ɗauka ruga-ruga yana yi wa shanu allura. Mamman ya ce ai ya san ta. Akwai ciwon saifa da ke kada saniya farat ɗaya, jini ya riƙa fita ta hanci da baya, kuma idan guda ta faɗi, sai a bi sauran garken da allura su tsira. Alama ɗaya, in ji shi, magani ɗaya. Zai zo gobe ya yi wa duk wanda ya kusanci Inno, kuma ba ya karɓar ko sisi.

Ku sani, Mamman ba macuci ba ne, kuma ubanku ba wawa ba ne. Uwarsa ta mutu, matarsa tana kulle. A wurinmu idan aka ce dabba, saniya ake nufi, ko tunkiya, ko akuya. Rediyo ta ce dabbobi, shi kuma dabbobi ne sana'arsa. Ni kaina da na ji, wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe akwai mafita. Abu ɗaya ya tsaya mini, kalmar nan rigakafi. A ƙauyen da aka haife ni akwai kafi, itatuwa ne aka kakkafa aka cusa ƙaya ya zagaye gari, ubana yana cikin masu gyara shi duk rani. Ana yin kafi kafin mahara su zo, shi ya sa ake cewa an riga. Idan sun riga sun shigo, me za ka kafa? Na ce wa Sani ya gaya masa na ji, zan yi shawara.

Da safe na kulle turaka, na ɗaure makulli a bakin zane, na shiga motar Kaura. A lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba, amma ko da ta lalace da na bi. Na sauka wajen tsohuwar tashar jirgi na hau keke zuwa asibiti, na zauna a benci har Malama Rifkatu ta fito. Na zayyana mata komai. Ta cire ƙyallen bakinta ta zauna kusa da ni.

"Labarin gaskiya ne, Mama, ni ma na ji. Amma ba shanu ba ne. Birai ne."

"Birai? Waɗanda ka ɓarnar gona?"

"Su. A can ƙasashen waje, a ɗakin gwaji. Kuma 'yan uwan wannan ciwon ne, masu sa zubar jini kamarsa. Sai a sa wa biri ciwon da gangan, sannan a bi shi da allura da sauri, a ga wa zai riga wani. Wasu biran sun tashi, wasu ba su tashi ba."

"To ina rigakahi nan, tunda ciwo ya riga ya shiga?"

"Ya shiga gari, amma bai kai gida-gida ba. Yakan kwanta tukuna kafin ya tashi. Allurar tana zuwa ta tashi masu gadin jiki ne, ko za su tare shi a hanya."

Da ta ce mini ƙarya ce gaba ɗaya, da na fi samun sauƙi. Ashe akwai ta. Tana wani wuri a duniya cikin kwalba, an kuma yi wa biri.

"Biri ya samu," na ce, "ɗiyata ba ta samu ba."

"Biri bai samu ba, Mama. Gwaji aka yi da shi. Kafin ta zama ta mutane da sauran tafiya, kuma babu wanda yake da ita a nan, ko ni, ko likita, balle mai maganin shanu. Abin da ke jakarsa na wani ciwo ne dabam, don jikin saniya aka yi shi. Kada ki bari."

"In kuwa ya dace hwa?"

"Ba zai dace ba." Ta dube ni, ta ga ban gamsu ba. "Ni dai na faɗa miki abin da na sani. Ɗiyarki ce."

Na koma da wannan a cikina. Duk hanya ina juya shi. Ita ta yi karatu, amma ita ce ta ce ba ta da komai a hannu. Mamman bai yi karatu ba, amma ya zo da abu a jaka. Uwar da ke jiran ciwo ya tashi a jikin ɗiyarta, wanda ya zo da abu a jaka take son gaskatawa. Ba zan ɓoye muku ba, na sauka a Zurmi ban san abin da zan yi ba.

Na tarar da babura a ƙofar gida. Mamman ya riga ni isowa, dogo ne siriri mai fara'a, yana zaune a zaure da jakar fata da kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa da sirinjin ƙarfe irin na shanu. Garba da ƙannensa biyu kowa ya riƙe damtse, an riga an yi musu, kuma da tsinken allura ɗaya, yana goge shi da bakin riga. Sani ya naɗe hannun riga yana jiran nasa. Na ce ya sauke. Ban tsaya a zaure ba, na wuce na tsaya a ƙofar turaka. Suka biyo ni har tsakar gida, abin da baƙo namiji bai taɓa yi ba a gidan nan.

"Inna, sannu da hanya," in ji Mamman. "Ba komi na ba, ɗan kaɗan za ni sa mata, ba na saniya ba, na ɗan maraƙi. Ko buɗewa ba sai kun yi ba, ta miƙo hannu ta taga."

"Ɗiyata maraƙi ta?"

Ya yi dariya. "Wane ni. Amma jini ɗaya na, Inna. Garke nawa ni tsamo da wagga kwalba da ikon Allah."

"Rediyo birai taka nuhi, ba shanu ba. Daga Kaura nike."

"Biri da saniya duk dabba ta," in ji ƙanen Garba. "Su 'yan asibiti in ba daga hannunsu abu ya hito ba, ba su yarda."

Sai ga muryar Hassi ta taga. Ta ji komai. Ta zuro hannun nan mai yanka, ta tura mayafi baya har kafaɗa.

"Inna, ki bari a yi mani. Don Allah. Ni na ga yadda Inno ta ƙare, ke ba ki gani ba. Ko ba ta yi komi ba, a yi. Ina da ɗiya ƙanana, Inna."

Ban taɓa jin ta roƙe ni haka ba, ko tana yarinya. Hannuna ya kai kan makulli. Wallahi ya kai. Na juya na tambayi Mamman abu ɗaya, don dai in ja lokaci, na ce idan an yi, me za ta ji.

"Wurin shi kumbura kaɗan. Kuma za ta yi 'yar masassara, kwana ɗaya ko biyu. Kada ku damu da ita, zahin allura na, alamar ta kama. Ku ba ta hura ta kwanta, shina wucewa."

Nan na ji ƙafata ta kafu a ƙasa. Abu ɗaya tak aka bar mini a hannu, in ga zafin farko in ruga da ita a ranar. Ga mutum zai kawo wani zafin ya ɗora a kai, ya ce idan na gani in ba ta fura. To idan ya zo, yaya zan san na wane ne? Zan zauna gindin darbejiya ina cewa allura ce ta kama, ciwo kuwa yana cin gida-gida. Ba jikinta kaɗai zai soka ba, idona zai tsone. Na saki makulli.

"Ba a yi," na ce.

"Inna!"

"Na ce ba a yi. Mai da hannunki ciki."

Sai Garba ya ɗago kai. Shekara da shekaru ban san kalar idonsa ba sai ran nan. Ya dube ni tsakiyar ido a gaban ƙannensa da ɗana.

"Matata ta. In ta mutu, Inna, ku ne."

"Na ji. Ni ce. Wanda duk ka son taɓa ta, shi hwara soka mani, shi ture ni."

Mamman ya naɗe jakarsa, ya ce Allah ya sawwaƙe, shi alheri ya zo yi. Suka fita. Hassi ta ja hannunta, ta rufe taga.

Daga ranar ta daina yi mini magana. Idan na kira ba ta amsawa, idan na tambayi lambar tsinke sai ta ce wa matar Sani lafiya lau. Ni ma ban lallashe ta ba, ban iya ba, ba haka aka raine ni ba. Na ce idan wa'adi ya wuce ma yi magana. Na koma kallo kawai. Kullum da hantsi ina buɗe mata ta fito bakin ƙofa ta sha iska, ni ina nesa. Wata rana ta fito ta bar inuwa ta zauna cikin rana, ta ja zane ta rufe kafaɗa, a lokacin da kaji ma ke neman gindin rumbu. Aka tura mata koko. Na ga ta kurɓa, ta runtse ido kafin ta haɗiye, ta ajiye moɗar.

"Nawa tsinken ya ce yau?"

Ta kau da kai.

"Sani! Nemo mota."

"Inna, ta ce lahiya lau ta."

"Ban tambaye ka abin da ta ce ba."

Daga baya na ji cewa ta ga lambar ta hau tun da safe, tsoro ya hana ta faɗa, don a ganinta wanda aka kai asibiti da wannan ciwo gawarsa ke dawowa. Kafin la'asar muna Kaura. Malama Rifkatu ta tare mu a ƙofa, ta ce, "Yaushe ya fara?" Na ce yau. Ta ce, "Yau ɗin nan?" Na ce yau ɗin nan. Suka shige da ita, daga nan aka wuce da ita Gusau inda ake keɓe masu irin wannan ciwo. Ba a bar ni na shiga ba. Ta gilashi nake hango ta, an rataya mata ruwa, mutane cikin fararen kaya har fuska suna shiga suna fita. Na ga fuskarta ta kumbura har ban gane ta ba. Na ga an fito da wani daga ɗakin kusa da nata a naɗe cikin leda. Kullum idona yana kan matashinta, ina neman jan nan da na gani a likkafanin Inno. Ina salla ina waiwaye. A nan ne maganar Garba ta riƙa dawo mini, in ta mutu ku ne, in ta mutu ku ne, har na fara tambayar kaina ko kwalbar Mamman ce ta birai, kowa bai sani ba.

Jan bai ɓullo ba. Zafi ya sauka, kumburi ya saɓe, ta fara cin abinci. Ranar da aka sallame ta tana tafiya a gabana a hankali, ta rame kamar kara. Na kira ta daga baya. Ba ta juyo ba. Na ce a raina har yanzu fushi take, ta yi, tunda da ranta take yin sa. Muna isa gida matar Sani ta saki faranti a kan siminti dab da ita, kowa ya zabura har kaji suka watse. Hassi ko ƙiftawa ba ta yi ba. Aka mai da ita asibiti, suka ce ciwon yakan tafi da ji, ko an yi magani da wuri, wasu ya dawo musu wasu bai dawo ba. Nata bai dawo ba.

Su Garba kuwa damatsansu suka kumbura, na ubanku sai da aka tsaga aka matse, tabon yana nan kun san shi. Amma babu wanda ciwon ya kama a cikinsu, sai Gurbin Bore ta ce allura ta yi aiki: waɗanda aka yi wa sun tsira, wadda aka hana ta kurmance. Babu mai tuna cewa su ba su taɓa jinin Inno ba. Babu mai tuna matan da suka wanke gawa, da Sani, da ni, duk ba a yi mana ba kuma muna nan. Garba ya mai da matarsa, ya riƙe ta da mutunci, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma bai sake durƙusawa a zauren nan ba, sai dai ya aiko da gaisuwa.

Duk wannan na ɗauka, ba shi ke hana ni sukuni ba. Abin da ke cina shi ne, magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da uwarku tana ji da kunnenta ita ce, ba a yi, mai da hannunki ciki. Na ce idan wa'adi ya wuce ma yi magana, ga shi ya wuce, ita ba ta ji, ni ba na rubutu. Tana gane ci da sha a leɓena, tana gane zo da tafi, amma wannan ba maganar leɓe ba ce. Tana zuwa da salla, ta kawo mini tuwo, ta matsa mini ƙafa. Ban san abin da ta riƙe a ranta ba game da ranar nan, ban kuma taɓa samun ƙarfin sa wani ya tambayar mini ba. Na tsaya a gaban maza huɗu da sirinji, amma wannan ina tsoronsa.

Ba gafara nake nema ba, ko yau aka dawo da jakar nan ƙofar nan zan sake tarewa. So nake ta san hannuna ya kai kan makulli, ta kuma san abin da ya sa na sake shi. Ku kuma da kuka yi karatu, ranar da allurar nan ta bar hannun birai ta zama ta mutane, ta zo da hannun waɗanda suka san ta, ku miƙa damtse, kada wani ya ce kakarku ta hana.

Zainabu, tsaya nan, kada ki fara wani babin. Ki tsame wannan daga cikin sauran ki kai Gurbin Bore ranar Juma'a, ki sa a hannun uwarki, ita kaɗai, ki fita ki ba ta wuri. Idan ta gama, duk abin da ta ce, ki dawo ki faɗa mini yadda ya fito daga bakinta. Kada ki gyara. Ina gindin darbejiya.